Atisayen Asabar a filin Kawukudi da yaron da gasa ke firgitawa

Iyayen unguwannin Nima da Maamobi na Accra da ke tambayata ko atisayen ƙwallon yara na ranar Asabar a filin Kawukudi ya ci kuɗinsa: ya ci, musamman in yaronku irin nawa ne.

A lungu ba mai ƙwace ƙwallo a ƙafar ɗana. Amma ranar gasa tun asuba cikinsa ke murɗawa, ko koko ba ya iya sha. In ya shiga fili ƙafafunsa su yi nauyi, da ƙwallo ta zo sai ya yi maza ya rabu da ita kamar garwashi. Kocin atisayen nan shi ya fara gaya mana ba lalaci ba ne. Fargaba ce ke sa zuciya bugu, numfashi ya gajarta, jiki ya sandare, har yaro ya koma tunanin abin da ƙafarsa ta riga ta iya.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake koyar da fenariti. Ba ya bari su buga a natse. Sai ya jera sauran yaran a bayan raga suna ihu suna buga galan, mai bugu kuwa ya ajiye ƙwallo da hannunsa, ya ja da baya taku huɗu, ya saki numfashi a hankali, ya zaɓi kusurwa kada ya canza. Wanda ya zubar ba zagi, shi zai sake bugawa nan take. Yakan tuna musu ɗan wasan Ghana Asamoah Gyan ya buga tasa a ƙarfen raga a wasansu da Uruguay na kofin duniya a 2010, kuma bayan 'yan mintoci ya fito ya ci a bugun raba gardama.

Mu ma iyaye bai ƙyale mu ba. Tun da ɗan ƙwallon Ghana Mohammed Kudus ya tashi daga Nima ya kai Turai, kowane uba gani yake nasa ne na gaba, yaran kuma suna jin nauyin. Ya ce da ni, "Alhaji, in an tashi kada ka tambaye shi ƙwallo nawa ya ci, ka tambaye shi me ya koya."

Ɗana har yanzu gabansa na faɗuwa, amma yana karyawa kafin wasa, yana kuma neman a ba shi ƙwallo.

Ƙorafina: yara sun yi wa mutum ɗaya yawa, masu shiru-shiru sukan ɓace a ciki. Ba a cika farawa kan lokaci ba, rana ta riske su, don haka ku haɗa su da isasshen ruwa.