Gargaɗi ga 'yan'uwa mazauna Amurka: a kula da masu tallar tirelar kwana a intanet

Salamu alaikum. Dala 1,500 aka cuce ni, kuma kunya ta sa na yi wata biyu ban faɗa wa kowa ba. Jiya na sake ganin hotunan tirelar da aka yaudare ni da su a wata sabuwar talla, shi ya sa na ce shirun ya isa.

Ba tirelar ɗaukar kaya irin ta gida nake nufi ba. Ɗan ɗakin nan ne mai taya da ake ƙulla wa mota a baya, da gado da murhu da bayi a ciki. Yara sun daɗe suna damuna mu je gandun shaƙatawa na Letchworth, a yammacin jihar New York, inda kogin Genesee ya ratsa tsakanin duwatsu ya zubo a manyan magangara uku. Daga Bronx tafiyar wajen awa shida ce. A jihar nan ana iya kama wurin kwana tun saura wata 9, don haka na kama namu da wuri. Abin kwanan ne ya rage.

Sai ga talla: tirela mai tsawon ƙafa 24, tsaf da ita, dala 4,500. Irinta a wajen dillalai ta ninka haka. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma a ranar kunnena ya toshe. Na aika saƙo, aka ce mu koma imel. Wai mace ce, mijinta ya rasu, ganin tirelar yana tayar mata da hankali, ta kai ta ma'ajiya a wata jiha mai nisa. Ba sai na je ba, za a kawo min har ƙofar gida kyauta, in gwada kwana 5, in ba ta yi min ba a mayar min da kuɗina. Har ta'aziyya na yi mata, wallahi.

Washegari takardar biya ta iso da tambarin eBay a kai. Kamfanin ba ruwansa, sunansa kawai suka ara. Aka ce in ba da kafin alƙalami da katunan kyauta, irin waɗanda ake ratayewa kusa da mai karɓar kuɗi a kanti, in kankare bayansu in turo hoton lambobin. Abin da ya fi ci min rai shi ne, yarinyar kantin ta riƙe katunan ta dube ni ta ce, wani ne ya sa ka saya? Na ce a'a, na yara ne, domin a imel an riga an ce in amsa haka. Da bakina na kori mai cetona.

Bayan kwana biyu suka nemi ƙarin dala 800, wai kuɗin inshorar hanya. Uwargida ta ce, "Malam, ka taɓa jin muryar matar nan?" Ban taɓa ba. Babbar 'yarmu ta saka hoton a manhajar binciken hotuna, sai ga shi a shafin wani dillali, tsohuwar talla ce da aka kwafe. Na ce a turo min lambar VIN, wato lambar shaidar da ke jikin kowane abin hawa, da hoton takardar mallaka. Daga nan ɗif.

Tafiyar dai mun yi ta, da tantin aro. Wani dattijo da ya yada zango kusa da mu ya ji labarin, ya ja ni gaban tirelarsa ta hagu ya nuna min farantin lambar, haruffa da alƙaluma 17. Ya ce ita ake gwadawa da ta jikin takardar mallaka, a duba sunan mai sayarwa a katin shaidarsa, a saka lambar a shafin NICB (ƙungiyar yaƙi da satar motoci da zambar inshora), wanda ke nuna kyauta ko an kai rahoton sata. Sannan ya tambaye ni da wace mota zan ja ta. Na ce Camry. Sai da ya yi dariya har da riƙe ciki. Irin wannan tirela kan kai wajen tan 2, tana son babbar mota mai ƙugiyar ja da na'urar birki. Duk mai tirelar gaske sai ya yi maka wannan tambayar, ita kuwa "bazawarar" ko sau ɗaya ba ta yi ba.

Wanda ya riga ya faɗa, ya kira kamfanin katin nan take, ya adana katunan da rasit, ya kai ƙara a shafin IC3 na hukumar FBI da kuma na FTC, hukumar kare masu saye. Ni na yi jinkiri, kafin in kira an kwashe komai.

A tallar jiya mamacin ya ɓace. Yanzu wai soja ne da za a tura ƙasar waje, yana sauri ya sayar kafin Juma'a. Hotunan ba su canza ba: tirela fara mai ratsin ruwan ƙasa, da jar kujerar roba a bakin ƙofa. Don Allah a tura wa 'yan'uwa a zaurukan WhatsApp.