Na'urar tace oksijin a ƙananan asibitoci: tana aiki, amma da sharaɗi

Gwamnatoci kan gina asibiti, su saka wannan na'ura, su manta da wutar da za ta ci. Ita kam ba ta da laifi. Tana zuƙo iskar ɗaki, ta tsame naitirojin (wata iska da ke gauraye da oksijin), ta ba da oksijin mai tsabtar kashi 90 zuwa 95 cikin ɗari, lita 5 ko 10 a minti. Ba ruwanka da yawan jigilar tukunyar oksijin.

Amma da an ɗauke wuta, ta tsaya cak. Sai an haɗa ta da sola da batir, a kuma ajiye tukunyar oksijin ɗaya a gefe don ko-ta-kwana. Soson tace ƙurarta a wanke shi duk mako. In ya toshe, injin zai yi zafi, tsabtar iskar ta ragu. Kada a jingina na'urar da bango ko labule.