Na je kallon gajerun wasanni a Samaru, ga yadda na gansu

Asabar ɗin da ta wuce ƙanwata ta matsa min sai na rakata kallon wasan kwaikwayo a Samaru, wai wasu matasa ne, rabi ɗalibai rabi waɗanda suka gama karatu suna jiran bautar ƙasa, suka yi karo-karo suka kama wani ɗan hol suna nuna gajerun wasannin da su da kansu suka rubuta. Gaskiya da ƙyar na je, ni rabona da kallon wasa a dandamali tun muna sakandare, kuma a raina na ce ai abun ba zai wuce ihu da faɗuwa ƙasa ba. Kuɗin shiga bai kai abin da nake kashewa a data na kwana biyu ba, to na ce ko ba daɗi ba a yi asara ba.

Wasanni biyar aka yi, uku na mutum uku zuwa huɗu, biyu kuma na mutum ɗaya tal, kowanne bai wuce minti sha biyar ba. Bari in fara da wanda ya hana ni barci. Wata yarinya ce ta fito da tabarma da ƙaramar waya, ta zauna tana magana da mijinta da ya tafi cirani Legas, tana bashi labarin gida, an yi wa ƙaramin kaciya, akuya ta haihu, mai shago ya daina ba da bashi, uwarsa ta ce a gaishe shi, tana yi tana dariya tana cewa "ka ji ko Malam", mu ma muna ta dariya saboda yadda take kwaikwayon muryar uwar mijin. Can wajen ƙarshe sai ta sauke wayar ta kalle ta, ta ce to gobe ma zan kira ko Allah zai sa ta shiga, ashe duk wannan hirar layin a kashe yake tun kafin azumi. Wallahi hol ɗin nan ya yi tsit, har ƙarar janareton maƙwabta kake ji, wata baiwar Allah a gefena ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba kiɗan tausayi ba kuka, ta naɗe tabarmarta ta fita kawai. Daga baya na ji ita ta rubuta abunta, kuma wannan ne na farko da ta taɓa rubutawa.

Na biyun cikin wasannin mutum ɗayan ɗan acaba ne da aka kama masa babur, yana tsaye yana yi wa babur ɗin da babu shi magana kamar budurwa, ya ba da dariya sosai amma ya ja shi da yawa, minti biyar na ƙarshe maimaici ne.

Wani a bayana yana cewa wai wasan mutum ɗaya abun Turawa ne, ni dai ban yarda ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwa ya kalli ɗan kama shi kaɗai yana riƙe da taro da zancen tuwo da miya, ya san muna da abunmu tun da daɗewa, ga kuma tashe da yara ke yi daga goma ga azumi wanda shi ma gajeren wasa ne, a shigo a yi a ba da saƙo a wuce gida na gaba. Kuma Zariya ba baƙuwa ba ce a harkar nan, tun tsakiyar shekarun 1970 wani malami mai suna Michael Etherton ya fara koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello, ga Drama Village, gidan wasan jami'ar na ginin ƙasa da wani mai zanen gine-gine Steven Ehrlich ya zana, ɗakuna zagayayyu sun kewaye fili kamar gidan kakanninmu, daga nan ɗalibai suka riƙa fita ƙauyuka suna wasa a kan matsalolin mutanen wurin. Yaran nan ruwan da suka sha kenan ko sun sani ko ba su sani ba.

Yanzu kuma inda suka ɓata min rai. Biyu daga cikin wasanni ukun nan, ɗaya kan shaye-shaye ɗaya kan gadon marayu, sun fara da kyau, rikici ya ɗaure, kana jiran ka ga yadda za a kwance sai kawai ga wani da rawani da carbi ya shigo ya yi wa kowa nasiha, nan take mugu ya durƙusa ya tuba. Haba jama'a, baffan da ya cinye gonar marayu shekara goma zai tuba cikin minti biyu? Mun riga mun gane ai, ba sai an ɗura mana ba. Sannan wasu 'yan wasan kamar gaban kyamara suke, suna magana ƙasa-ƙasa suna juya mana baya, wanda ke kujerar ƙarshe sai dai ya tambayi na kusa da shi. An ce ƙarfe huɗu ba a fara ba sai bayan biyar, aka ɗauke wuta a tsakiyar wasa na uku aka ƙarasa da fitilar waya, wannan kam ban ga laifinsu ba, har ma ya fi kyau a haka.

Abin da ya fi burge ni bayan an gama marubutan suka fito suka zauna a bakin dandamali aka yi ta musu tambayoyi, wani dattijo ya ce wa mai wasan gadon "ɗana, cire malamin nan ka ga ikon Allah", yaron ya ciro biro ya rubuta a tafin hannunsa. Sun ce za su sake yi bayan jarrabawa, in Allah ya kaimu zan koma, amma da mafici zan je kuma a layin gaba zan zauna.