Ulu mai rikiɗa kala ko kek ɗin auduga, wanne za ki saya don gyalen leshi

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin tambaya wane zare za ki saya don saƙa gyalen leshi, wato saƙa mai adon huji-huji. Tsakanin biyun nan da kika saka hotonsu, dunƙulen ulu siriri mai rikiɗa kala da kuma babban kek ɗin nan, wato zaren da aka naɗe da faɗi kamar kek, na auduga da akirilik (zaren roba), ni dai ulun zan ce ki ɗauka. Na san a hoto kek ɗin ya fi ɗaukar ido nesa ba kusa ba, ga zoben kaloli reras kamar an zana, amma magana tana wajen abin da zai faru bayan kin sauke saƙar daga kan allura.

Kin ga saƙar leshi in tana kan allura ba ta da wani fasali, a cukurkuɗe take, hujin duk a rufe, har mutum ya fara tunanin ko ɓarnar zare yake yi. Sai an jiƙa ta an matse a tawul an shimfiɗa an ja an kafe da fil ta bushe a haka, sannan adon yake buɗewa. To ulu, wato gashin tumaki, shi ne yake riƙe wannan jan, in ya bushe a miƙe haka zai zauna har ranar da za a sake wanke shi. Auduga tana buɗewa ita ma amma nauyi ne da ita, gyalen sai ya dinga zazzagowa yana ƙara tsawo yana tsukewa, shi kuwa akirilik ruwa bai dame shi ba sam, ki jiƙa ki ja iya ƙarfinki, kina cire fil ya koma gidan jiya, sai dai ki bi shi da tururin dutsen guga, shi ma in ya yi yawa ko ƙarfen ya taɓa zaren to shikenan ya saki har abada, babu gyara.

Gyalen da na fi ji da shi a duk abin da na saƙa da Lace Ball na kamfanin Schoppel na yi shi, zaren Jamus ne, giram 100 mita 800, kashi 75 gashin tumaki kashi 25 nailan. Siriri ne sosai amma da allura mai lamba 3.5 na saƙa, don leshi yana son allurar da ta fi zaren girma, nan ne hujin yake samun wuri. Kalar tana tafiya daga shuɗi mai duhu ta sulale zuwa ruwan toka ta sake gangarowa wani kore-kore, kuma wallahi kina saƙa ba za ki iya nuna layin da ta canza ba, sai kin ɗaga shi kin duba daga nesa ki ga ashe kin baro shuɗin tuni. Ranar da na kafe shi yana bushewa ƙanwata ta shigo ta durƙusa a kansa tana bin kalar da yatsa daga wannan baki zuwa wancan, wai inda na haɗa zare take nema, ta juya bayan ta duba, ba ta samu ba tunda babu. Jela biyu kacal na ɓoye a gyalen gaba ɗaya, ta farawa da ta gamawa. Ga shi ba nauyi, ki dunƙule shi ya shige tafin hannu biyu amma in kika naɗa a wuya ɗumi ne da shi. Abu biyu dai ki sani game da irinsa, sili ɗaya ne aka murɗa, baya son yawan warwara ana sake saƙawa don yana yin gashi-gashi, sannan kalolin suna zagayowa ne su dawo, dogon zango suke yi amma suna maimaituwa, in kina son wanda zai fara da duhu ya ƙare da haske sau ɗaya tak to ki nemi zaren da aka rina kalarsa tafiya ɗaya ba maimaici.

Kek ɗin kuma na taɓa saya, ba zan ce ba shi da amfani ba, ga mai kwarashi ko mai babban mayafi mai kusurwa uku ya yi, haka wadda ulu yake sa ta ƙaiƙayi. Wanda na samu silin zare huɗu ne aka jera ba a murɗe su ba, ana canza sili ɗaya-ɗaya da ɗan ƙulli, haka kalar take rikiɗa. Duk sanda zan haɗa ido biyu, wato madaukan zaren da ke kan allura, in saƙe su tare sai bakin allura ya tsaga ya bar sili ɗaya a baya, ƙullin kuma a leshi ba shi da maɓoya, yana nan zaune a bakin huji yana kallonki. Ban ƙarasa gyalen da shi ba, abin ɗaura kujera ya zama.

Amma fa abin da ya fi wannan duka, wanda da yawa ba sa lissafawa kafin su biya kuɗi, shi ne tsawon zaren. Irin kek ɗin nan yawanci mita 1000 ne, an shimfiɗa kalolin a kan mita dubun gaba ɗaya. Gyalen wuya mai faɗin santimita 25 zuwa 30 da tsawon santimita 170 ko 180 abin da zai ci bai fi mita 400 zuwa 600 ba, ya danganta da kaurin zare da yawan huji. Kin ga kenan za ki gama gyalenki kina tsakiyar dunƙule, kalar nan ta waje da ta ja hankalinki kika saya ba za ki ma iso ta ba, rabin rikiɗar kawai za ki gani. Don haka dunƙulen da tsawonsa ya yi daidai da abin da za ki saƙa shi za ki nema, zare mai matsakaicin siranta giram 100 wajen mita 400 ne, siririn leshi wajen mita 800. Ni yadda nake yi, in auna dunƙulen a sikelin giram kafin in fara, in saƙa kamar santimita 10, in sake aunawa, abin da ya ragu shi zai gaya min tsawon da zan samu, in na ga zare zai yi saura da yawa in warware tun da wuri in ƙara faɗi, in na ga ba zai kai ba in rage. Wani abin kuma, a gyale miƙaƙƙe kowane layi tsawonsa ɗaya, shi ya sa kalolin suke fitowa da faɗi kusan daidai, a mai kusurwa uku kuwa layin ƙara tsawo yake yi, kalar farko ta yi faɗi ta ƙarshe ta zama siririn baki. Hotunan da ake tallar zaren da su yawanci na mai kusurwa uku ne, kar ki zata naki zai fito haka.

Sai maganar ado. Dan Allah kar ki ɗauko zane mai wahala ki haɗa da zare mai kala, ɗaya zai cinye ɗaya. Ki duba shahararrun masu saƙar leshi, na tsibiran Shetland a Sikotland da mayafinsu da yake wucewa ta cikin zoben aure don tsabar siranta, na Orenburg a Rasha masu gashin akuya, na Haapsalu a Estoniya masu 'yan ƙulle-ƙullen nan kamar tsaba, mafi yawan manyan ayyukansu fari ne ko kala ɗaya, saboda adon ne abin kallo. Ke da kala ce abin kallonki ki ba ta fili. Zanen igiyar ruwan nan na Shetland da suke kira Old Shale shi ne abokin zare mai rikiɗa, ido 18 ne ake maimaitawa a layi 4, kuma layi ɗaya ne kawai a cikin huɗun yake da aiki, a kowane ido 18 ki rage ido 6 ki naɗa zare a kan allura sau 6 don yin huji, sauran ukun saƙa ce miƙaƙƙiya. Ki ɗora ido 54 ki ƙara 3 a kowane gefe don bakin kar ya nannaɗe, 60 kenan, in zaren siriri ne sosai ki ɗora 72 da 6. Daɗinsa shi ne layin lanƙwasa yake yi, sai kalar ma ta bi shi tana hawa tana sauka maimakon ta tsaya a miƙe. Kuma ki dinga zura wani zare mai santsi ta cikin idanun duk bayan ɗan nisa ki bar shi a ciki, in kuskure ya faru ki warware zuwa nan ki tsaya, leshi in ido ya zame a kusa da huji ba ƙaramin aiki ba ne kamo shi.

Na ga wata cikin masu amsa miki ta ce ki sayi kala uku ko huɗu daban ki saje su da juna da kanki. Ana yi, ki saƙa layi biyu da tsohuwar kala biyu da sabuwa kina rage waccan kina ƙara wannan, ko ki riƙe sili biyu tare kina canza ɗaya. Yana kyau a hannun wadda ta saba, amma jelar zare za ta yi miki yawa kuma a leshi ratsin yana nunawa, ki bar shi sai gyale na biyu.

Ba ki tambaya ba amma sai na faɗa, ki yi hattara da masu sayarwa, musamman a intanet. Akwai masu ɗaukar zare mai gajeren ratsi wanda kalarsa take canzawa duk bayan mita ɗaya ko biyu su ce miki mai rikiɗa ne, in kika saƙa leshi da shi dabbare-dabbare zai fito adon ya ɓace gaba ɗaya. Ki ce su ɗauko hoton saman dunƙulen a hasken rana ba tare da an gyara kala ba, mai rikiɗar gaske za ki ga zobe masu faɗi daga tsakiya zuwa waje. Ki nemi hoton takardar jikinsa da ke nuna mita da giram da abin da aka yi shi da shi, wanda ya ce miki babu takarda amma ai ulu ne zalla ki bar masa kayansa, komai ulu suke kiransa ko da roba ce tsantsa. Wasu kuma har da kwalin da aka naɗe zaren a kai suke aunawa. In ya iso hannunki ki yanki ɗan guntu ki kusantar da shi ga ashana a kan faranti, gashin tumaki warin ƙonannen gashi yake yi ya mutu da kansa ya bar baƙin abu mai murtsukewa, auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, akirilik narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri, wanda aka gauraya da ɗan nailan za ki ji warin gashin tare da ɗan tauri kaɗan. Sannan kafin ki ɗora ido ko ɗaya ki sake naɗe dunƙulen da hannunki tun daga farko har ƙarshe, don wani lokacin zaren ya tsinke an ɗaure shi da wata kalar da ba ita ce ke bi ba, gara ki gani yanzu ki yanke ki daidaita da ki tarar da shi kina tsakiyar gyale.

Ki ɗauki ulun, dunƙule ɗaya, allura 3.5 in siriri ne ko 4 in mai mita 400 ne, ki sa mana hoto in kin kafe shi.