Tsakanin Maserati GranTurismo da Ferrari California

Alhaji, tunda tsakanin waɗannan biyun kake tambaya, GranTurismo za ka saya. Ita ce a hannuna, ƙirar 2012 mai inji lita 4.7.

Mutane da yawa ba su san cewa injinan motocin biyu 'yan gida ɗaya ba ne. Dukansu V8 ne, wato masu silinda takwas, na zuriyar F136, kuma Ferrari ce ta ƙera su a garin Maranello na Italiya, sannan aka riƙa kai na Maserati garin Modena ana ɗorawa. Sai dai an gina na Maserati don doguwar tafiya, kukansa mai kauri ne, ba ya gajiyar da kunne. Kamfanin Pininfarina ne ya zana jikin GranTurismo, ta fito a 2007, kuma a kan gindin Quattroporte, babbar motar Maserati mai ƙofa huɗu, aka gina ta, shi ya sa tazarar tayar gaba da ta baya ta kusa mita 3. An tura injin bayan tayoyin gaba, nauyi ya rabu kusan daidai, 49 gaba 51 baya. Wannan tsawon shi ne sirrinta. Na taɓa ɗaukar mahaifina da ƙannensa biyu daga Abuja zuwa ɗaurin aure a Kaduna, dattawa da manyan riguna, biyu a kujerar baya. Har muka isa babu wanda ya yi kukan gwiwa, Baba ma barci ya yi. Mota mai ƙofa biyu ke nan!

California kuwa ta fi ta sauri, dokinta 460, tana da giya 7 mai kulochi biyu, rufinta na ƙarfe yana naɗewa ya shige but. Amma kujerun bayanta na jaka ne da ƙananan yara, kuma da ranarmu da ƙurar hunturu yaushe za ka buɗe rufin?

Ko a GranTurismo ɗin ma ka nemi mai giyar kamfanin ZF, otomatik mai giya 6. Akwai wata mai giyar da ake kira MC Shift, wadda ke can baya. Tana da zafi a buɗaɗɗen titi, amma kulochi gare ta, cunkoson cikin gari yana cinye shi. Da GranTurismo da California duk a ƙasa suke, kwanciyar 'yan sanda sai a hankali.

Don Allah ka yi hattara da dillalai. Irin waɗannan motoci da yawa daga gwanjon Amurka suke zuwa, wasu ambaliya ta shanye su, wasu an yi hatsari da su, a gyara fenti a mayar da mita baya a ce maka sabuwa ce dal. Karɓi lambar shasi ka bincika tarihinta da kanka. Ka je da bakanikenka mai kwamfuta, ba na dillali ba, kuma ka ce kada a tayar da ita sai ka zo. Injin ya tashi a sanyaye a gabanka. In ka ji ƙarar kaca-kaca daga samansa a daƙiƙun farko, gyaran ba na ƙananan kuɗi ba ne, ka bar musu kayansu.