Haɗa ƙaramar kwamfuta marar fanka: wanne ya kamata a saya?

Wanda yake son haɗa kwamfuta marar fanka ya kamata ya fara lissafin wat kafin ya tambayi farashi, domin duk wutar da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta sha zafi take komawa, kuma jikin akwatin ne kaɗai zai fitar da shi. Amfanin kwamfuta marar fanka a fili yake ga duk wanda ya taɓa buɗe kwamfuta bayan hunturu ya tarar ƙura ta toshe fanka kamar an cusa auduga. Sai dai a bazara, lokacin da zafin Sakkwato ko Maiduguri yake haura digiri 40, ƙarfen tsotse zafin da ya wadatar a Turai yana iya gazawa.

Mafi araha shi ne Raspberry Pi 4, wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai girman tafin hannu, a cikin akwatin alminiyam irin na Flirc, wanda yake da wani ɗan turke a ciki da ke taɓa furosesa kai tsaye. Ya isa ga ƙananan ayyuka. Raspberry Pi 5, wanda ya fito a 2023, ya fi shi sauri da zafi, kuma yana fara rage gudu da kansa idan ya kai digiri 80.

A ganina, furosesar Intel N100 ce ta fi dacewa da yawancin masu saye. Kamfanin ya ƙiyasta ta a kan wat 6, ko da yake tana wuce haka idan aiki ya yi nauyi. Allon ASRock N100DC-ITX, wato babban allon kwamfuta da ke ɗauke da wannan furosesa, mai faɗin santimita 17 kowane gefe, yana zuwa da ƙarfen tsotse zafi a manne, kuma cajar laftof mai bolt 19 tana tayar da shi. A nan gyaran hannu yake da riba sosai: a sa ƙarfe mafi girma, a tsayar da haƙarƙarinsa a tsaye domin iska mai zafi ta hau sama, a huda akwatin sama da ƙasa, sannan a shafa man da ke tsakanin furosesa da ƙarfe siriri, ba a lafta shi ba. Kada a manta da SSD, wato ma'ajiyar bayanai, domin shi ma yana ɗaukar zafi ba tare da an lura ba.

Mai buƙatar ƙarfi fiye da haka sai ya dubi akwatin Streacom DB4 ko na HDPlex, waɗanda bututun jan ƙarfe suke kai zafin zuwa bangonsu. An tsara DB4 don wat 65, amma a ɗaki mai zafi gara a zaɓi furosesa mai wat 35, a kuma rage mata wuta a BIOS, wato saitin farko na kwamfuta. Akwatunan suna da tsada, kuma bututun yana son lallaɓawa wajen lanƙwasa, domin da zarar ya lotse a tsakiya sai dai a sayi wani.