Tsoffin faifai huɗu da sabar gida: wane rabo ya dace a Zariya?

In kana da faifan ajiya huɗu masu 500GB kana son haɗa su a sabar gida, wato kwamfutar da ke ajiye wa sauran na'urorin gida bayanai, abin da zai yanke maka hukunci shi ne yawan ɗauke wuta, ba gudu ba.

RAID hanya ce ta haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar guda, kuma iri-iri ce. RAID 0 zai ba ka 2TB, amma faifai ɗaya ya mutu komai ya tafi. Kada ma ka fara. RAID 5 zai ba ka 1.5TB, sai dai in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu lissafinsa na iya rikicewa, ga wahalar da yake ba tsoffin faifai wajen sake gina bayanan bayan an canza wanda ya mutu. ZFS, wani tsarin ajiya da ke haɗa faifai da kansa, na da kyau, amma cin RAM gare shi.

Ni dai nawa RAID 1 ne da mdadm (manhajar RAID ta Linux), a ɗora LVM (mai raba filin ajiya) a kai, a tsara da ext4 (tsarin ajiye fayil na Linux). Faifai biyu-biyu, kowane yana kwafin ɗan'uwansa, ka tashi da 1TB. Rabi ya tafi, na sani, amma ranar da ɗaya ya mace sabar ba za ta tsaya ba, kuma waɗanda suka rage ka iya kai su wata kwamfuta mai Linux ka karanta. A faifai biyun farko ka yanka 512MB na EFI, ɓangaren da kwamfuta ke tashi daga gare shi, a kowanne, don ko wanne ya iya tayar da injin. Tsarin aiki 30GB ya ishe shi, swap (filin da ke tallafa wa RAM) 2GB, sauran na ajiya. Kada ka rabar da filin LVM duka yanzu; faɗaɗa ext4 ana yi sabar na aiki, ragewa kuwa sai an dakatar da amfani da shi. Ka kuma bar 'yan megabait a ƙarshen kowane faifai, domin masu 500GB ba lallai girmansu ya zo daidai ba, kada na canji ya ƙi shiga.

Wajen saye ne ake cutar mutane. Faifan gwanjo da na taɓa karɓa a wani shago, takardarsa fes, mai shago na rantsuwa bai yi aiki ba, ashe ya ci shekaru yana juyawa. Ko a PZ ne ko Samaru, je da laftof ɗinka ka gwada a gaban mai kaya. Da smartctl, manhajar duba lafiyar faifai, ka duba Power_On_Hours (awannin da ya yi a kunne) da Reallocated_Sector_Ct (yawan gurabun da suka lalace aka sauya). In na biyun ba sifili ba ne, ajiye masa abinsa. Ka tabbata lambar faifan da ke jikin takarda ta yi daidai da wadda kwamfuta ta nuna. Akwai masu goge bayanin awannin ma, shi ya sa faifai mai tsohuwar shekara a jiki da ke nuna awa biyar abin tsoro ne. Sai ka yi sharaɗin mayarwa, ka sa masa badblocks, manhajar neman gurabun da suka lalace, a gida ya bi shi kaf. Amma in ka ga 465 maimakon 500, wannan ba cuta ba ce, bambancin ƙirge ne.

Kuɗin faifai na biyar kuwa, sa shi a UPS, batirin da ke riƙe injin in an ɗauke wuta.